Kaji da bisashe a gida ɗaya lokacin ɗari: yadda za a fitar da su lafiya

A yawancin gidajen Maraɗi da ƙauyukanta, tun daga Tibiri har Madarunfa, daga Gidan Rumji har Tasawa, tsakar gida ɗaya ce ke ɗauke da kowa: jar akuya da ƴaƴanta a turke, rago a gindin rumfa, kaji da zabi suna tono, wani gidan har da jaki da shanun huɗa. Da damina da kaka wannan zama ba ya ba da wahala, domin kowa na samun abin kaiwa baki a waje. Da iskar hunturu ta taso a ƙarshen Nuwamba sai lissafi ya canja. Ciyawa ta bushe, ƙwari sun yi wuya, kaza da akuya sun dawo suna kallon ƙwaryar dussa ɗaya. Dare ya yi sanyi, uwar gida ta tausaya wa kajinta, ta kora su ɗakin awaki, ta toshe ƙofa da buhu. Asarar da ake kuka da ita a Janairu, sau da yawa daga wannan tausayin take farawa.

Shawararmu ita ce su wuni tare, amma a raba musu wurin kwana da wurin ci da wurin sha. Ana iya yin duk wannan da kayan da ke cikin gida.

Wa ɗari ke kashewa?

Daren Disamba da Janairu a Maraɗi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, da asuba wani lokaci ƙasa da haka, rana kuwa ta kai kusan 30. Babbar kaza zafin jikinta digiri 41 ne. In ta hau sanda ta kwanta bisa ƙafafunta, ta cusa kai cikin fiffike, wannan sanyin ba ya yi mata komai. Zafin Afrilu da Mayu ya fi shi wahalar da ita nesa ba kusa ba. Abin da ba ta jurewa shi ne iskar da ke buɗe mata gashi dare farai, da kwana da yunwa, da ɗaki mai wari. Ɗan tsako kuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashi ya gama rufe shi, wajen mako biyar zuwa shida. Saboda haka manya tsari daga iska suke so da cikar ciki, ƙanana ne ke buƙatar a ɗumama su.

Makwanci

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Bayan akurki ya kalli can, ƙofa ta kalli kudu ko yamma. In an riga an gina shi ƙofa na fuskantar iska, ba sai an rushe ba: a kafa zana taku biyu gaban ƙofar, ta fi akurkin faɗi kaɗan.

Kaji uku zuwa huɗu ke kwana a murabba'in mita ɗaya ba tare da matsi ba, wato ɗaki mai mita 2 da mita ɗaya da rabi ya ishi kaza goma da zakaransu. A gitta sanda mai kaurin ƙotar fartanya, tsayin santimita 60 zuwa 80 daga ƙasa, kowace kaza ta samu tazarar santimita 25. In sanduna biyu ne, tsayinsu ya zo daidai, in ba haka ba kowa ta sama zai nema, a kwana ana tsattsagar juna.

Inda aka fi kuskure shi ne toshewa. A rufe duk wata kafa da ke daidai da inda kaji ke kwance, amma a bar taga mai faɗin tafin hannu can sama, gindin rufi, a ɓangaren da iska ba ta bugawa, a sa mata ragar waya saboda muzuru da ɓera. Numfashin kaji da kashinsu suna fitar da danshi da wani tururi mai yaji, kuma sama yake hawa. In bai samu mafita ba, shi ke cin idon kaza da maƙogwaronta, ya buɗe wa mura hanya. Gwajin mai sauƙi ne: da asuba, kafin a sake su, mutum ya tsuguna ya sa kansa cikin akurkin daidai tsayin sandar. In ido ya yi yaji ko hanci ya ɗauki zarni, iska ba ta isa ba, ko shimfiɗa ta jiƙe.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa ɗakin awaki bai dace da kaji ba. Fitsarin akuya da na tunkiya a ɗaki rufaffe ya fi kashin kaji zarni, kuma kazar da ta kwana a ƙasa hancinta na kusa da shi. Na biyu, akuya tana tashi cikin dare ta juya, ta taka abin da ta taka, kaza kuwa ba ta gani a duhu balle ta kauce. Na uku, kaji wuri mai tudu suke nema, sai su hau bakin kwami ko damin harawa, gari ya waye abincin bisashe duk kashi. Akuya mai ƙyama ce, za ta sunsuna ta bar shi, harawar da aka sha wahalar tarawa ta tafi a banza. Wadda yunwa ta sa ta ci kuma tana iya kamuwa da zawo, musamman ƴan ƙanana.

Mafi kyau a jingina akurki da bangon ɗakin bisashe ta waje, a ɓangaren da ba iska. Bangon ƙasa yana shan rana da wuni, ya riƙa sakin ɗumi da dare, kaji su amfana ba tare da sun shaƙi zarnin ba. Wanda ɗaki ɗaya kawai gare shi, ya raba shi: jeri biyu ko uku na tubali daga ƙasa, ragar waya daga nan har rufi, kwami nesa da ragar, a share ɓangaren awaki kowace safiya.

Ƙofar kaji mai faɗin santimita 20 da tsayin 30 ta isa, sai dai ɗan jar akuya mai mako biyu zai bi ta nan ya shige. Maganinsa a gina ɗan lungu da tubali gaban ƙofar mai lanƙwasa ɗaya: kaza tana juyawa a ciki, ɗan akuya ba ya iyawa.

A ƙasa a barbaɗa toka, sannan a zuba ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu. A riƙa motsa shi duk kwana biyu ko uku. In an damƙa ya dunƙule, ya jiƙe ke nan, a kwashe. Ɓawon gyaɗar da ya yi baƙi ko yake warin funfuna kada ya shiga, ƙurarsa tana lalata huhun ƴan tsaki. Wajen tare iska kuma zana da tabarmar kaba sun fi leda: leda tana tara gumi, kuma akuya in ta samu bakinta za ta ja ta haɗiye, ta zauna mata a ciki tana ramewa ba a san dalili ba.

Kwanci da ƴan tsaki

Kazar da ta yi kwanci a hunturu kada a bar ta bayan turke ko gindin rumbu inda ta zaɓa wa kanta. A samu tsohuwar kwatarniya ko kaskon randa, a zuba yashi, a ɗora ciyawa mai laushi da ɗan toka da busasshen ganyen dogon yaro, a kai lungu mai duhu a ɓangaren kaji. A mayar da ita da dare, ita da ƙwan, ta fi karɓar sabon wuri. Ƙwai takwas zuwa goma sun isa a wannan lokaci, ko da ta saba rufe goma sha biyu, saboda na gefe sanyi ke kamawa. Kwana 21 take yi. Bushewar iska tana sa fatar cikin ƙwai ta yi tauri, ɗan tsako ya fasa baki ya kasa fitowa, ya mutu a ciki. Daga kwana na 18 a riƙa yayyafa ruwa mai ɗumi kaɗan a kan yashin ƙarƙashi lokacin da ta sauka cin abinci. Yashin za a jiƙa, kada ruwa ya taɓa ƙwan.

Bayan ƙyanƙyasa, uwa da ƴaƴanta su zauna a tsare mako uku zuwa huɗu, ƙarƙashin babban kwando ko ɗan keji na kara. Uwa ba ta lissafi da ƙarfin ƴaƴanta, da gari ya waye za ta ja su cikin sanyi zuwa turken shanu, na baya ya gaji ya tsaya yana kuka. Kada a fito da kejin sai rana ta yi zafi, wajen ƙarfe tara ko goma, a mayar da shi ciki bayan la'asar. Ga kuma shirwa: gonaki sun zama fili, babu ganyen da ɗan tsako zai ɓuya. Ba banza aka ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa ba. In an fara sakinsu, a jingina ƴan guntayen zana a bango nan da can don su samu wurin shigewa.

Ƴan tsakin kanti da ba su da uwa suna son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri uku kowane mako. Ko babu ma'auni, su da kansu za su faɗa. In sun taru sun hau juna suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun koma ɓangare guda, iska na shigowa ta ɗayan. In sun baje suna ci suna ƙananan kuka, an dace. A kewaye su da kwali a zagaye, domin a kusurwa suke danne juna har na ƙasa ya mutu.

Masu sa garwashi su jira gawayi ya gama hayaƙi ya yi ja a waje, a zuba cikin tukunyar ƙasa mai ƴan huji, a rufe da murfi, a ɗora bisa tubali, kuma tagar sama ta kasance a buɗe. Gawayi a ɗaki toshe yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, tana kashe ƴan tsaki, tana kashe mutum. Ba ma son garwashi ko fitilar kananzir a duk ginin da akuya za ta iya shiga, ko kusa da tarin kara da harawa. Gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa. Ga ƴan tsaki goma ko sha biyar, jarkar lita biyar cike da ruwan zafi, an naɗe ta da tsumma, ta fi kwanciyar hankali. A sake ruwan kafin a kwanta da kuma tsakar dare.

A riƙa ɗaga su ana duba gindinsu. Wanda sanyi ya taɓa kashi yakan manne masa ya toshe dubura. A jiƙa da ruwan ɗumi a cire a hankali, a shafa man kaɗanya.

Ci: nan ne rigimar take

Kazar gida da damina takan ciyar da kanta. A hunturu tono ba ya cika mata ciki, ga shi tana ƙona abinci don ɗumama jiki. Wadda ke yawo tana buƙatar ƙarin giram 40 zuwa 50 a rana, cikin tafin hannu ɗaya ke nan. Kaza goma rabin kilo. Kajin ƙwai na zamani da ke tsare kuwa kowace tana cin giram 110 zuwa 120. A raba biyu: haɗaɗɗen abinci da safe, tsabar hatsi ko dawa da yamma, kamar awa ɗaya kafin su shiga. Tsaba tana daɗewa tana narkewa, ita ke riƙe su har asuba. Da dare a taɓa gindin wuyan kaza biyu ko uku, jakar abincinsu ta kasance a cike.

Dussa kaɗai ba ta sa kaza ƙwai. Ga haɗin kilo goma da za a iya yi da kayan kasuwarmu: kilo 6 na ɓarzajjen hatsi ko masara ko farar dawa, kilo ɗaya da rabi na dussa, kilo ɗaya da rabi na tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji, giram 300 na garin busasshen kifi, giram 200 na garin zogale, rabin kilo na ƙonannen ƙashi da ɓawon ƙwai dakakku, da gishiri giram 30, wato cokali biyu na cin abinci, kada a wuce. Ga ƴan tsaki a rage ƙashin zuwa giram 200, a ƙara kifi, a niƙa ya yi tsaki-tsaki. Jar dawa mai bauri tana hana jiki amfana da abinci, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tsabar. Wake sai an soya ko an dafa. Tunkuzar da ta yi funfuna a zubar da ita, gubarta tana cin hanta, ƴan agwagwa ma su ta fi saurin kashewa. Ganyen salad da kabeji da zogale daga lambunan Gulbi da Jiratawa suna da yawa a wannan lokaci. A ɗaure su a rataye cikin akurki inda akuya ba ta kaiwa.

Shanun gidan ma suna iya ciyar da kaji. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a kan hanyar gara, a rufe da tsohon buhu. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗauko, a kakkaɓe wa ƴan tsaki. Barin kaji su tona turke da rana shi ma riba ne: suna tsince tsabar da ta fito cikin kashi da tsutsar ƙuda, suna cire kaska a jikin saniya in ta kwanta.

Haɗarin yana wajen kwano. Akuya ko rago in ya samu buhun abincin kaji ba ya tsayawa sai ya ga ƙarshensa. Tsaba mai yawa lokaci guda tana yin tsami a tumbi. Cikin sa'o'i 6 zuwa 24 sai a ga dabba ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura ta hagu, tana cizon haƙora, daga baya zawo mai tsami, wata ta kwanta ba ta tashi. In haka ta faru a ɗauke duk tsaba da dussa, a ba ta busasshiyar ciyawa, kada a bar ta ta ɗirki ruwa da yawa a sa'o'in farko. Ana iya ɗura wa babbar akuya cokali ɗaya na bikarbonat (farin garin soda na girki) cikin kofin ruwa, a hankali ta gefen baki, ba tare da an ɗaga kanta sama ba don kada ya bi huhu, a aika a kira likitan dabbobi tun tana tsaye. Abincin kaji na kanti kuma wani yana ɗauke da maganin zawon jini na kaji, irin su monensin, wanda kaɗan daga cikinsa yana kashe doki da jaki. A ajiye buhu cikin ganga mai murfi, a ɗora dutse.

Ta ɗayan ɓangaren, abin da ke gina bisashe yana iya kashe kaji. Dunƙulen lasa da ciyawar da aka gyara da takin ure an yi su ne don masu tuƙa. Kaza ba ta da tumbin da zai sarrafa ure, jaki ma haka. Ruwan kanwa da na gishiri da ake ba tumaki in ƴan tsaki suka sha sai zawo da kumburi da mutuwa. Angurya tana rage ƙwai, tana ɓata launin gwaiduwa, tana tsayar da girman ƙanana.

Hanyar raba su mafi sauƙi ita ce lokaci. Da safe a ba kaji nasu cikin akurki ƙofa a rufe, a ba bisashe dussarsu da angurya, in kowa ya gama a kwashe kwanoni, sannan a saki kaji. Minti ashirin ya isa. Da yamma a watsa wa kaji tsaba a ciki, wannan ma shi ke koya musu shiga da kansu. Ga ƴan tsakin da suka fara yawo a kife kwando mai tazarar yatsu uku tsakanin sandunansa, a danne shi da dutse, abincinsu a ciki: su suna shiga, manya ba sa iyawa. Harawa da karmami kuma a ɗora su bisa rumfa ko cikin rumbu inda kaji ba sa kwana. In aka tarar da mushen kaza ko na ɓera cikin dami, a ƙone damin gaba ɗaya. Gubar da ke fita daga ruɓaɓɓen mushe tana shanye jikin saniya har ta mutu.

Ruwa

Don ana sanyi ba ya nufin ba sa jin ƙishirwa, iskar busasshiya ce. Kaza tana shan kusan rubu'in lita a rana, kaza goma lita biyu da rabi zuwa uku. Wadda ta wuni ba ruwa tana iya yin kwanaki ba ta yi ƙwai ba. A ba su nasu a inuwa, bisa tubali, a wanke kullum saboda ƙura. Na ƴan tsaki ya zama faranti marar zurfi da tsakuwa a ciki, ruwan kuma a surka shi da safe; ɗan tsakon da ya jiƙe a hunturu da wuya ya kai dare. Cikin kwamin bisashe a jingina katako ko a sa babban dutse, don wanda ya faɗa ya samu abin hawa.

Annoba

Cutar da ke share unguwa guda a wannan lokaci ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasil. Kaza ta yi sukuku, fikafikai sun sauka kamar ta yafa zane, tana zawo kore ko fari, tana buɗe baki tana jan numfashi, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Daga kamuwa zuwa bayyana yakan ɗauki kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, shi ya sa kaza mai kyan gani a kasuwa take iya shigo da ita. Ba ta da magani. Kafso mai ja da rawaya, da barkono, da jiƙon maɗaci da ake zubawa a ruwa ba sa kashe ƙwayar wannan cuta. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma mai tashi ce.

Rigakafi kaɗai ke tsare ta, kuma sai an yi shi kafin iska ta taso, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, domin jiki na ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya yi ƙarfi. Akwai na allura irin ITA-New, rabin mililita ga kowace kaza, ana maimaitawa bayan kamar wata shida. Akwai na ɗigawa a ido mai suna I-2, ɗigo ɗaya, ana sakewa duk wata huɗu. Ya fi jure zafi, amma shi ma ba a barinsa a rana. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an buɗe ta ba ta ajiyuwa, saboda haka maƙwabta su haɗa kai su kira ma'aikacin kiwo rana guda, kowa ya tsare kajinsa tun dare. Wannan ya fi amfani ma, tunda kajin unguwa a bola ɗaya suke tono. A yi wa kowa: zabi, talo-talo, ƴan tsaki. Kwana bakwai zuwa goma kafin nan a ba su maganin tsutsar ciki bisa nauyinsu. Marar lafiya ba a yi mata. Allurar da ake yi wa shanu da awaki kowace shekara ta cututtukansu ce, ba ta tsare kaza.

Niyukasil ba ta kama akuya, annobar awaki ba ta kama kaza, zawon jini na kaji shi ma nasu ne su kaɗai. Abokan zaman da za a sa wa ido masu fiffike ne. Agwagwa tana iya ɗauke da cuta tana yawo lafiya lau, tantabaru suna sauka gida-gida, don haka agwagwa ta kwana daban, ta sha daban. Kaka lokacin biki ne da kyauta: duk kazar da ta shigo, ta kasuwa ce ko ta gidan surukai, a tsare ta can gefe mako uku. Kwandon da ya je kasuwa ya dawo a wanke shi da sabulu a shanya a rana, mai sayen kaji kuma ya tsaya a zaure.

In ciwo ya shiga, a ware marar lafiya nan take, a tsare sauran a gida, kada a kwashe su a kai kasuwa. Haka annoba ke tsallaka gari. Mushe a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, a zuba toka ko farar ƙasa, a binne har da gashi. Jefawa a bola ko bayan danga raba wa maƙwabta ne. In kuwa kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi ja kamar an ƙone, a yi zaton murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijar a Magarya cikin 2006. Tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatan kiwo. Masu zama kusa da tafkin Madarunfa da sauran wuraren da tsuntsayen ruwa ke sauka a wannan lokaci su hana agwaginsu zuwa bakin ruwa.

Ƙuma da maganin feshi

Kwana a cunkushe yana haɓaka ƙuma da ƙwarƙwata. Ƙumar da ke manne wa kaza a zanko da gefen ido, baƙaƙe kamar an barbaɗa barkono, tana hawa kare da kyanwa da ƴan awaki, ƙwanta kuwa a cikin ƙurar ƙasa yake. A shafe wurin da man kaɗanya ko basilin mai kauri, kada ya shiga ido, a maimaita bayan kwana uku; a kwashe shimfiɗa a ƙone. Akwai kuma wata kaska mai laushi da ke ɓuya a tsagar bango da rana ta fito shan jini da dare. In kaji suka ƙi shiga akurkin da suka saba, a haska tocila cikin tsagogin. A yaɓe su da laka, a shafe bango da farar ƙasa. A tsakar gida a tanadar musu wurin birgima: kwano biyu na yashi, ɗaya na toka, a wuri mai rana.

Ranar da za a fesa wa shanu ko tumaki maganin kaska, a tsare kaji har jikin dabbobin ya bushe, a share matattun kaska, ruwan wankin kada ya kwanta a ƙasa. Maganin bisashe ba a ɗiga wa kaza da ka, kuma maganin kaska mai sinadarin amitraz kada ya taɓa jaki ko doki. Maganin ɓera a gidan da ke da kaji da awaki ba shi da wurin ajiya mai aminci, tarko ya fi.

Shimfiɗar da aka kwashe daga akurki mai lafiya taki ce mai ƙarfi, ɗanyenta yana ƙona shuka. A haɗa ta da na awaki a rami bayan gida inda bisashe ba sa kaiwa, a riƙa yayyafa ruwa, ta yi wata biyu ko uku kafin ta je lambu ko gona.

Wajen ƙarshen Fabrairu, da an ga kaji sun fara buɗe baki da rana suna sassauta fikafikai, a cire tabarmin da aka tare iska da su, a faɗaɗa tagar sama, a rage kaurin shimfiɗa, a ƙara kwanon ruwa na biyu. Waɗanda aka ɗiga wa I-2 a ƙarshen Oktoba, lokacin maimaitawa ya yi.